Kunnen da Baba Ya Sayo a Gwanjo

Babana mahauci ne a kasuwar Tamale, kuma mutum ne da bai iya shan kaye a magana ba. Yana saurayi ya biyo masu koro shanu daga ƙasar Hausa ya sauka a zongo. Ya koyi Dagbanci har yana yi wa Dagombawa ciniki da karin maganarsu, ya tsinci yaren mutanen Kumasi a bakin fataken goro. Harshe ɗaya ne ya gagare shi, kuma ya faɗo a kan na masu mulkin ƙasar.

Abin ya soma ne da wani bijimi da ya sayo a Sagnarigu. An yanka, an feɗe, sai ga Baturen duba-gari ya iso mayanka da tafintansa. Ya juya huhu, ya latsa, ya yi ta zuba bayani yana nuni da sanda. Da ya gama, tafinta ya juyo ya ce wa Baba, "Ya ce a binne."

Baba ya gyara tsayuwa ya ba da tarihin bijimin nan tun daga garken da aka haife shi, da wanda ya yi kiwonsa, da irin ciyawar da ya ci. Tafinta ya mayar wa Bature da kalma biyu ko uku. Bature ya kaɗa kai, ya hau kekensa. Aka kwarara wa naman kananzir aka binne.

Hasarar ba ta ci wa Baba rai kamar yadda ragowar maganar ta ci masa ba. Da yamma ya ture akushin tuwo ya ce, "Bature ya yi magana mai tsawon igiyar guga, an miƙo mini guntun da bai isa ɗaure akuya ba. Ina sauran? Ni ina son kunne a gidan nan, kunnen da zai ji duka."

Ya faɗi haka yana kallona. Ni ne babba, na yi saukar Alƙur'ani, gemu ya fara leƙowa. Makarantar gwamnati kuwa ta riga ta wuce ni, domin shi da kansa ya hana a kai ni tun ina ƙarami, a kan cewa can ake koya wa yara cin tuwo da cokali da raina iyaye. Yanzu yana son Turancin, amma ba ya son makarantar. Baba ke nan.

Ba a daɗe ba wani Bature zai koma ƙasarsu, aka yi gwanjon kayansa. Mutane na ta rububin gado da fitila da tukwanen ƙarfe, Baba ya wuce kai tsaye wajen tarin littattafai. Ina tsaye ina kallo ya riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya yana aunawa a tafin hannu, yana matsa bayansu da yatsa, yadda yake yi wa cinyar bijimi. Ƙanana ya ce ramammu ne. Ya zaɓi wani jibgege mai jar fata, ya shinshina, ya ce, "Wannan ya ƙoshi. Duk Turancin duniya yana ciki."

Sai malami. Akwai wani tsohon soja a Dabokpa, Bagurunshe ne ba Bahaushe ba, wanda ya dawo daga yaƙin Bama yana gadin wani kanti. Kowa Saja yake ce masa. Turancinsa na bariki ne, Hausarsa ma ta bariki ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa, amma ya iya bin rubutu da yatsa. Baba ya ɗora mini littafin a ka muka je. Saja ya buɗe, ya yi ta juya shafi, can ya ɗago.

"Maigida, wannan buku ba na koyo ba ne fa. Na dokita ne, wanda Bature yana ajiye a gida don kar shi mutu a daji. Ciwo ciwo ne a ciki, daga fari har ƙarshe. Bari mu nemi ƙaramin buku na yaran sukuru, 'yan makaranta, wanda akwai kyanwa a ciki."

Baba ya ce, "Kyanwa? Yaron da ya sauke Alƙur'ani zai koma karatun kyanwa? Saja, ka ji tsoron Allah. Turanci ne a ciki ko ba Turanci ba?"

"Turanci ne."

"To, shi muka zo saya."

Baba bai san wata hanyar karatu ba sai wadda ya gani a zauren malamai, ita ya shimfiɗa mana. Littafi ɗaya ake kamawa. Malami ya ja layi, ya fassara kalma kalma, ɗalibi ya maimaita. Ba a juya shafi sai an biya na jiya. Ba a taɓa wani littafin sai an sauke wannan, domin ba a tauna taura biyu. Ladan Saja kuwa ƙashin miya ne da kayan ciki, kullum bayan la'asar in kai masa a ganye, in zauna a gindin ɗorawar ƙofar gidansa mu buɗe littafi.

Watannin farko azaba ce zalla, kuma na tsani littafin nan ƙiyayya ta gaskiya. A kowane layi kalmar da Saja ya sani ba ta kai wadda bai sani ba. In ya ci karo da wadda ta fi ƙarfinsa sai ya tsuke fuska ya ce, "Wannan babban Turanci ne, ofisa kaɗai ya san shi. Wuce." Muka yi ta wucewa, har na fara zaton za mu wuce littafin gaba ɗaya ba mu gaisa da kowa a ciki ba.

Abin da ba wanda ya lura da shi a cikinmu shi ne littafin ba shi da zance sai ɗaya. Ko ina ka buɗe, wani ne ba shi da lafiya. Saboda haka kalmar da muka wuce a babin zazzaɓi sai ta tare mu a babin ƙyanda, ta sake tare mu a babin atuni. Na san irin wannan a teburin Baba. Baƙo ya zo sayen nama yau ba ka san shi ba, ya dawo jibi, ya dawo ranar kasuwa, kafin wata ya ƙare ka san tsokar da yake so, ka san ranar da matarsa ke fushi, alhali ba wanda ya gabatar maka da shi. Haka kalmomin suka yi mini. Na gane kalmar kumburi don kullum tana tare da ƙafa ko wuya ko ciki. Na gane ta ƙaiƙayi don duk inda ta fito ana roƙon mutum kada ya sosa. Wata rana na fassara wa Saja wata kalmar ofisa da kaina, ya dube ni ya ce ai dama ya sani, gwada ni yake yi.

Akwai wata 'yar gajeriya da ta daɗe tana yi mini wasan ɓuya: fatal. Ba a kowane babi take ba. Takan zo ne can wajen ƙarshe, a babin cizon mahaukacin kare, da babin saran wani maciji, da wasu cututtukan ciki. Na yi ta kallon abin da ke gabanta ban samu komai ba. Sai da na koma kallon abin da ke bayanta. Duk inda ta fito, marubucin, wanda bakinsa ba ya gajiya da a sha kaza a shafa kaza, sai ya daina rubuta magani. Ya ce a gyara wa majiyyaci shimfiɗa, a ba shi ruwa in ya nema, a sanar da danginsa. Ranar da na gano ta na yi murna ƙwarai, har na saya wa kaina ƙosai a hanya.

Baba ma ya shiga karatun ta ƙofarsa. Littafin yana da zanen cikin mutum, da sunaye a gefe. Da ya gani ya ce wanda ya yi zanen bai taɓa riƙe wuƙa ba. Washegari sai ga shi a Dabokpa da tire, ya jera hanta da saifa da ƙoda da huhu a gaban Saja. Ya ɗaga ɗaya, in nemo sunanta a littafi in faɗa, shi kuma ya gaya mini yadda take in tana da lafiya da yadda take in ta lalace. Bayan darasi Saja ya soye abin koyarwar. Har yau in na ji sunan saifa da Turanci ƙamshin albasa nake ji.

Ni kuma duk cutar da muka karanta sai na kamu da ita. Na yi tarin fuka na mako guda, na yi kuturta ta kwana biyu, na kusa yin wata cuta kafin Saja ya gano ta mata ce. Kakata, uwar Inna, ta ga ina ramewa a kan littafi, tausayi ya kama ta, ta ce wa Baba, "Wahalar nan ta mece ce? A rubuta masa Turancin a allo a wanke ya sha mana, ya zauna masa a ciki." Na ce, "Kaka, karatun yau gudawa ne, na gobe basir." Ta ce a'uzu billahi, ta janye shawararta.

Damina biyu ta wuce kafin mu kai bangon baya. Baba ya yanka rago, aka yi waina, aka kira mahauta da maƙwabta walimar sauka. Wasu malaman zongo suka ƙi zuwa, suka ce ba a taɓa walima a kan littafin Nasara ba, amma sun karɓi naman da aka aika musu. Daga ranar Baba ya shiga shela a kasuwa cewa yanzu akwai kunne a gidansa, duk Baturen da ya isa ya zo.

Aka kuwa zo. Wata safiya matar wani Bature ta shigo layin mahauta da kukunta, abin da ba su cika yi ba. Baba ya kore kukun gefe ya turo ni gaba, mahauta suka ajiye wuƙaƙe suka kewaye mu. Matar ta yi murmushi ta yi magana da sauri, mai daɗi, mai tsawo. Ban tsinci komai ba. Daga baya kuku ya ce cewa ta yi za ta yi baƙi ranar Asabar, tana son nama mai taushi, kuma ta yaba hular Baba. Littafina bai taɓa yin baƙi ba, ba kuma wanda ya sa hula a cikinsa. Na tsaya baki buɗe, Baba na zungurina ta baya. Da na ga ba mafita sai na ba da abin da nake da shi. Na dube ta, fuskarta ta yi jajur da rana, gumi na zuba. Cikin Turanci tsab, wanda ba kuskure ko ɗaya, na tambaye ta tun yaushe take wannan gumin, kuma ko tana samun bayan gida a kan kari.

Ta ƙara yin ja. Kuku ya dafe kai. Ta juya ta fita kasuwar ba ta sayi ko ƙashi ba, kuku kuwa, Allah ya saka masa, ya tsaya ya fassara wa mahauta tambayata kafin ya bi ta. An yi dariyar da har masu sayar da doya suka taso jin labari. Daga ranar sunana ya koma Dokta. In na wuce sai wani ya kama ciki ya ce, "Dokta, a duba ni." Sarkin Fawa, aminin Baba kuma babban mai tsokanarsa, ya ce, "Kunnen naka yana ji, amma sai an kwanta masa ciwo." Kunya ta kama ni har na daina bin layin, amma na fi jin ta Baba, domin a karo na farko a rayuwata na ga an yi masa magana bai mayar ba.

A gida na roƙe shi a sayo mini littafin kyanwar. Ya ce a'a. Ya ce wanda ya yi sauka bai iya ba, tilawa ce ta rage masa. Na koma shafin farko. Zagaye na biyu ya zo da sauƙin da ya ba ni haushi, domin yanzu ina karantawa kamar ana yi mini hira, kuma ba mai son hirar a duk faɗin Tamale.

Ina tsakiyar zagaye na uku Baba ya fara ramewa. Ya daina son nama, shi da ke cewa tuwo ba nama horo ne. Idonsa ya yi ɗorawa, cikinsa ya taso ta dama, yana tafiya yana dafe wurin. Inna ta ce shawara ce, aka dafa saiwa, aka kawo rubutu. Ni na san babin. Na je na buɗe shi a ɓoye ina fatan in ga na manta, na tarar ban manta ko wasali ba, kuma 'yar gajeriyar kalmar nan tana zaune a inda na bar ta. Tsoro ya kama ni, na shiga yi masa magiyar asibiti. Ya ce shi ba zai je inda ake yanka mutum ba a yi bisimilla ba.

Sai wata safiya na fito na tarar ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya naɗa rawani, ya ce in shirya za mu asibiti. Ya aika a kira Sarkin Fawa ya raka mu. Na yi mamaki, don ga ƙannensa a gida, me zai sa a ɗauko mai tsokana? Amma murnar ya yarda ta hana ni tambaya. Muka tafi a hankali, yana tsayawa yana amsa gaisuwar "Dasiba" ta Dagombawan da ke shigowa kasuwa da "Naa," kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Likitan Bature ne, dogo, mai gajiyayyar fuska. Ya kwantar da Baba, ya ja fatar idonsa, ya danna cikin ya daɗe yana dannawa. Sannan ya juya wajen malamin asibitin da ke masa tafinta, wani dattijo ɗan kudu, ya yi magana a hankali, mai tsawo, ba tare da ya damu da mu ba, don a zatonsa bango ne ke tsaye a wurin.

Na ji duka. Ban taɓa jin Turanci ya shigo kunnena a miƙe haka ba, kowace kalma tsohuwar sananniya ce. Ƙari ne a hanta, ya girma, ya wuce wuƙa. Ruwa ya fara taruwa. A ba shi abin rage zafi, a bar shi ya koma cikin iyalinsa. Kalmar nan ta zo a ƙarshe, a daidai wurinta, bayanta kuma bai ambaci magani ba.

Tafinta ya juyo ya ce, "Baba, ya ce ka koma gida ka huta, ka riƙa shan wannan safe da yamma." Guntun igiya ne, irin wanda Baba ya tsana. Na dubi dattijon nan na ga yadda ya kawar da ido, sai na fahimci ba kullum mugunta ke sa tafinta ya taƙaita ba.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na tambayi likita ko za a iya zuƙe ruwan don ya samu numfashi, da abin da za mu ba shi in ya kasa riƙe abinci, da tsawon lokacin da yake gani. Likita ya juyo ya dube ni sosai. Ya ja kujera ya zauna, ya amsa mini ɗaya bayan ɗaya, na sake tambaya, ya sake amsawa. Ya tambaye ni asibitin da na yi aiki. Na ce ni ɗan mahauci ne.

Duk wannan Baba na zaune a bakin gado yana kallon bakina yana kallon na likita. Da muka yi shiru ya ce, "Kai, ka ji?"

"Na ji, Baba."

"Duka?"

"Duka."

"Ba abin da ya wuce ka?"

"Babu."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya juya wajen Sarkin Fawa ya ce, "To, ka dai gani da idonka. Har kujera ya ja." Sarkin Fawa ya ce ya gani, kuma ya janye maganarsa.

A hanyar gida, da Sarkin Fawa ya ratse kasuwa, na tattaro ƙarfin hali na ce, "Baba, ba ka tambaye ni abin da ya ce ba." Ya tsaya a inuwar wata kaɗanya yana mayar da numfashi. Ya ce, "Yaro, tun ba a haife ka ba nake feɗe shanu. Hantar da ta lalace ina gane ta tun dabbar na tsaye. Ba wannan na je ji ba."

Bai ƙara fita kasuwa ba. Aka shimfiɗa masa a zaure, masu dubiya suka yi ta zuwa, mahauta da fatake da malaman da suka ƙi walima. Duk wanda ya zauna sai ya sha labarin kujera. Ranar wata Juma'a bayan an sauko, zaure ya cika maƙil, har Saja ya zo daga Dabokpa ya rakuɓe a bakin ƙofa. Baba ya sa aka tayar da shi aka jingina shi da bango, ya kira ni.

Ya ce, "Tashi ka faɗa musu abin da likita ya ce. Da Turancin, yadda ya faɗa. Kada ka rage komai."

Na miƙe tsaye a tsakiyar zaure na faɗa, tun daga hanta har kalmar ƙarshe, ban rage komai ba. Mutane na kaɗa kai suna cewa masha Allah, wani ya ce wallahi kamar a bakin Bature. Saja ne kaɗai ya tashi tun ban kai ƙarshe ba, ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita. Baba kuwa fuskarsa ta cika da fara'a, idanun nan masu ruwan ɗorawa suna bin jama'a ɗaya bayan ɗaya. Da na yi shiru ya ce in ƙara, waɗanda ke waje ba su ji ba.